Tarihin Wata Magudanar Ruwa a Amurka

A kudancin Kalifoniya, cikin ƙasar Amurka, akwai wani kwari da a ke kira Imfiriyal. Hamada ce sosai, ruwan saman da ke sauka can a shekara bai cika wuce inci 3 ba. Amma ƙasar tana da albarka in ta sami ruwa, ga kuma Kogin Kolorado daga gabas.

Cikin 1901 aka fara janyo ruwan kogin zuwa kwarin. Sabo da akwai tuddan rairayi a tsakani, sai aka kewaya da magudanar ta cikin ƙasar Meziko. Abin bai kwanta wa manoman Amurka a rai ba, don kuwa abincinsu yana bi ta gidan wani. Cikin 1928 Majalisar Amurka ta yarda a haƙa sabuwa wadda ba ta ƙetare iyaka ba. Aka soma aiki 1934, ruwa ya fara gudu 1940. Tsawonta mil 80, aka sa mata suna All-American, watau ta Amurka zalla.

To, duk mai lambu ya san bambancin kwarin yumɓu da na jigawa. Yumɓu ya kan riƙe ruwa, rairayi kuwa shanyewa ya ke yi. Sabuwar magudanar ta ratsa tsakiyar tuddan nan, ba a kuwa daɓe cikinta ba. Dare da rana ruwa na tsiyaya ta ƙasa da ta gefe, ba mai gani. Sai dai ba ɓacewa ya ke yi ba. Ƙarƙashin ƙasa ya ke bi ya gangara kudu, ya ƙetare iyaka ba da fasfo ba, ya shiga kwarin Mezikali. Manoman Meziko suka haƙa rijiyoyi suna ɗebowa, suka yi shekara fiye da 60 suna noma da shi.

Da birane suka yi girma, ruwa ya yi tsada, sai aka tuna da wannan yoyo. Cikin 1988 Majalisa ta ba da izni a daɓe. Da ya ke ba shi yiwuwa a tsai da ruwa mutane na sha, masana suka shirya a haƙa wata sabuwa gab da tsohuwar, mil 23, a inda rairayi ya fi yawa, a shafe ta da siminti. Suka lasafta ruwan da za a tsirar kowace shekara zai rufe eka 67,700, zurfin ƙafa ɗaya.

Mutanen Mezikali suka kai ƙara 2005, suka ce za a kashe musu rijiyoyi. Amurka ta amsa da cewa yarjejeniyar 1944 ta riga ta yanka wa Meziko rabonta na kogin, abin da ya tsiyaya kuwa daga rabon Amurka ne. Ga shari'a maganar tana da ƙarfi, ko da ya ke ba ta shayar da gonar kowa. Kotu ta dakatar da aiki cikin 2006, amma kafin shekarar ta ƙare Majalisa ta yi doka a ci gaba ba tare da jinkiri ba. Aka kama aiki 2007, aka gama 2009. Mafi yawan ruwan da aka tsirar gundumar San Diyego aka ba.