Tasirin Noman Rani a kan Tsirran Asali da Namun Daji a Yankin Kura da Bunkure

Tsakure

Wannan maƙala ta bi sawun tsirran asali da tsuntsaye da ƙananan namun daji a yankin ban-ruwa na Kura da Bunkure, tun daga bazara har zuwa hunturu. Ta nuna cewa ruwan Tiga ya kawar da ƙa'idar da rani yake gindaya wa halittu. Masu son ruwa da masu cin ƙwayar hatsi sun yawaita, itatuwa da ciyayin tudu kuwa sun koma gefe. A ƙarshe ta ba da shawarar a kare waɗannan gefuna, a kuma riƙa rubuta sauyin da ake gani a cikinsu.

1.0 Gabatarwa

An kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo. Daga nan ruwa yake gangarowa ta babban kanal zuwa gonakin Shirin Ban-ruwa na Kogin Kano, wanda aka tsara kashinsa na farko ya ci kimanin hekta 22,000 a Kura da Bunkure da Garun Malam, a ƙarƙashin Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are. An saba auna shirin da buhunan shinkafa da alkama da kwandunan tumatirin Kwanar Gafan. Tambayar wannan maƙala daban ce: me ya sami gawo da gamba da shamuwa, waɗanda suka riga kanal zama a wannan ƙasa?

2.0 Hanyar Nazari

An kwatanta muhalli iri uku: cikin fangali inda ake noma rani da damina, gefen kanal da magudanan ruwa, sai tudun da ruwa bai kai ba. An dogara ga lura da ido da kuma sunaye da alamomin da manoma da makiyaya suke gane halittu da su, tare da bin rabe-raben shekara na Bahaushe.

3.0 Sakamako

3.1 Bazara da damina

A tudu, tun kafin ruwa ya sauka ɗorawa take gama fure ta sako 'ya'ya. Isowar shamuwa (Ciconia abdimii) wajen Afrilu zuwa Mayu ita ce busharar damina. Tana sheƙa a itatuwan cikin gari, tana kiwon fara da tsutsa a gonaki, ta juya kudancin Afirka idan damina ta ƙare. Da ruwan shuka ya zuba, shinge zai tashi, kwaɗi su fito daga ƙasa, kyasuwa da ƙarangiya da tafasa su rufe fili. Gawo (Faidherbia albida) kuwa a lokacin yake zubar da ganye, shi ya sa gero yake samun rana da taki a ƙarƙashinsa. A cikin fangali ba a ganin mafi yawan waɗannan alamomi, domin an tumɓuke itatuwa lokacin baje ƙasa. Shinkafa ce da ciyayinta, irin su aya-aya, sai balbela tana bin garma.

3.2 Kaka da hunturu

Nan ne muhallan suka fi rabuwa. A tudu ciyawa takan bushe, gamba ta isa yankan zana, sabara da kalgo da tumfafiya su rage da ɗanyen ganye, gawo ya yi sabon toho, daga baya ya zubo wa awaki 'ya'yansa. Kurege da zomo da fakara suna matsowa inda abinci yake. 'Yan taku kaɗan daga nan, alkamar da aka shuka a Nuwamba ta yi kore shar. A bakin kanal za a tarar da guza ya baje a kan siminti yana shan hantsi, zalɓe a tsaye cikin ruwa yana dakon kifi, zakaran ƙeƙuwa yana ƙara a kan kunya. A cikin tsuntsayen har da baƙi masu gudun sanyin Turai, waɗanda suke ƙetaro Sahara wajen Oktoba su koma a Maris.

4.0 Tattaunawa

A da, rani shi yake taƙaita yawan kowace halitta: abinci ya yi ƙaranci, wasu su yi ƙaura, wasu su kwanta a ƙasa, wasu su mutu. Ban-ruwa ya ɗage wannan takunkumi, amma ga wasu kaɗai. Misali mafi bayyana shi ne jan-baki (Quelea quelea). Binciken Peter Ward na 1965 a yankin Tafkin Chadi ya nuna cewa ainihin abincinsa ƙwayar ciyawar daji ce. Alkamar da take nuna a Maris, daidai lokacin da ƙwayar ciyawa ta ragu, ta zame masa madadi. Don haka ake ganin yara a kan rumfa tun asuba, suna jan igiyar da aka rataya wa gwangwanaye, suna ihu har murya ta dushe.

Kachala (Typha domingensis) ta ƙara wa matsalar ƙarfi. Ruwan da ba ya yankewa ya ba ta damar toshe magudanai, duhuwarta kuma ta zama makwancin jan-baki. Haka ta mamaye dausayin Haɗeja da Nguru bayan madatsun Tiga da Challawa sun sauya tafiyar kogi. Ruwa mai kwanciya yana kuma raya katantanwar da take ɗauke da cutar tsargiya. Tsutsar sharon (Tuta absoluta), wadda asalinta Kudancin Amurka ne, ta cinye tumatirin Kadawa, cikin yankin shirin, a 2016. Gonaki masu amfani iri ɗaya, manne da juna, sun sauƙaƙa mata yaɗuwa.

Asarar tana wajen manomi kansa. Feshin da ake yi babu awo yana kashe kwaɗo da ƙudan zuma tare da ƙwarin da aka nufa, ya kuma rage abincin balbela da shamuwa, masu yi wa gona aiki kyauta. Rashin ɗorawa na nufin kalwar daddawa sai an sayo daga nesa, rashin gawo kuma ƙarin kuɗin takin zamani ne.

5.0 Kammalawa

Abin da ya rage na tsirran asali yana gefen hanya da iyakokin gonaki da maƙabartu da tudun bayan gari. Daga nan iri zai fito idan ana son dawo da su. Ana ba da shawara uku. Na farko, ƙungiyoyin masu amfani da ruwa su ware gefen magudanai don dashen gamba, su bar gawo da ɗorawa a tudu. Na biyu, a riƙa yashe kachala kafin a saki ruwan rani. Na uku, tashar binciken ban-ruwa ta Kadawa, ta Jami'ar Ahmadu Bello, da Jami'ar Bayero su haɗa kai da manoma wajen rubuta ranar isowar shamuwa da furen ɗorawa da saukar jan-baki kowace shekara. Manoman sun riga sun san alamomin. Idan aka adana su a rubuce, hukuma za ta san lokacin da ya dace ta saki ruwa, manomi kuma ya san lokacin shuka da na tsaron tsuntsu.