Mai Keken Doki na Dakar

Na daɗe ina kallon finafinan da ake kuka a cikinsu, amma wanda ya fi tsaya mini a rai ba a zubar da hawaye sosai a cikinsa ba. Sunansa Borom Sarret, wato mai keken doki da harshen Wolof. Usman Sembene ne ya shirya shi a Dakar a 1963, bayan ya yi dako a tashar jiragen ruwan Marseille, ya kuma koyo aikin fim a Mosko. Tsawonsa kusan minti 20 ne kacal.

Wani uba ya hau keken rungume da gawar jaririnsa, za su maƙabarta. A ƙofa mai gadi ya hana shi shiga, wai ba shi da takarda. Direban ya bar shi nan ya koma neman abinci. Da farko na zarge shi da rashin imani. Daga baya na gane Sembene na nuna cewa talauci ya hana mutumin ko tsayawa ta'aziyya.

Kafin yamma ɗan sanda ya ƙwace keken a unguwar Plateau. Ya koma gida da doki, babu ko sisi.