Me Ya Sa Vim Ɗinka Ya Ƙi Nuna Launi? Ga Tarihin Abin

Wani ɗalibi daga unguwar Dukawuya a Kano ya turo mana hoton wayarsa: ya buɗe fayil ɗin Python a Termux, rubutun duk fari fat, alhali jiya da kalolinsa. Har ya goge manhajar ya sake saukewa, data ta tafi a banza. In kai ma ka taɓa cin karo da wannan, wayarka lafiyarta ƙalau. Matsalar ma ta girme ta da shekaru da yawa.

Lokacin da Bill Joy ya rubuta vi a 1976 a jami'ar Berkeley ta Amurka, allunan da ake aiki da su launi ɗaya gare su, kuma kowane kamfani da irin umarnin da allonsa ke ganewa. Sai aka tanadi kundin da ke bayanin abin da kowane allo zai iya, shi kuma edita ya duba sunan da ke cikin TERM ya yarda da shi. Har yau haka abin yake. Vim ba ya ganin allon wayarka, abin da TERM ya faɗa masa shi yake ɗauka.

Launi daga baya ya shigo. Da farko guda 8 ne kacal, sai a 1999 xterm ya kai su 256. Shi kansa Vim, wanda Bram Moolenaar ɗan ƙasar Holan ya fitar a 1991, bai fara rina rubutun kod ba sai a sigar 5.0 ta 1998.

To, rubuta echo $TERM ka gani. A Termux xterm-256color ya kamata ya fito. In kana cikin tmux ka ga screen kawai, an mayar da kai zamanin kala 8 ke nan.

Amma na abokinmu ba wannan ba ne, kuma a ganina nasa ya fi kama mutane. Tun sigar 8.0 ta 2016, Vim na kunna launi da kansa ta wani fayil mai suna defaults.vim, amma fa sai idan ba ka da naka .vimrc. Shi kuwa ya ga wani darasi, ya ƙirƙiri .vimrc don lambobin layi su fito. Yana yin haka Vim ya janye hannunsa, launi ya ɗauke. Maganin layi ɗaya ne: ƙara syntax on a cikin fayil ɗin.

Idan kuma Ubuntu ko Debian ka girka a cikin Termux, gwada vim --version ka nemo kalmar syntax. In alamar ragewa ce a gabanta, ƙaramin Vim aka ba ka, wanda aka cire wa wannan aikin tun asali, duk gyaran da za ka yi ba zai yi launi ba. Sauke cikakken da apt install vim, ka sake buɗe fayil ɗin.