Tarihin Orangi: Unguwar da Mazaunanta Suka Gina Magudanansu da Kansu

Orangi babbar unguwa ce a arewa maso yammacin Karaci, birni mafi girma a ƙasar Pakistan. An fara zama a cikinta a shekarun 1960, ta kuma cika maƙil bayan yaƙin 1971, lokacin da 'yan gudun hijira daga yankin da ya zama Bangaladesh suka kwararo. Yawancin gidajen an gina su ne ba da izinin hukuma ba, don haka gwamnati ba ta kai musu magudanan ruwa ba. Ƙazanta tana malala a lunguna, ana kwashe bayan gida da bokiti, zazzaɓi da gudawa suna addabar yara.

A shekarar 1980 Dakta Akhtar Hameed Khan ya kafa wani shiri mai suna Orangi Pilot Project. Masani ne da ya yi suna tun da farko wajen raya karkara a Comilla, a yankin da ya zama Bangaladesh. Kafin ya taɓa komai, sai da ya daɗe yana zagaya lunguna yana sauraron jama'a. Ya gano abubuwa huɗu da suka ɗaure musu hannu: sun ɗauka aikin na gwamnati ne ita kaɗai, kuɗin gini irin na 'yan kwangila ya fi ƙarfinsu, ba su da ilimin shimfiɗa bututu, kuma ba su da haɗin kai.

Dabarar da aka ɓullo da ita ta dogara ne a kan layi. Kowane layi mai gidaje kamar 20 zuwa 40 yana zaɓar shugabansa, wanda zai tara kuɗin karo-karo ya kula da aiki. Ma'aikatan shirin sukan auna ƙasa, su zana taswira, su ƙiyasta kuɗi, su ba da aron kayan aiki, amma ba sa riƙe kuɗin kowa. Mazauna su ke haƙa rami da aikin gayya, ko su ɗauki magina na cikin unguwa. Da aka sauƙaƙa fasalin ginin, aka fitar da ɗan kwangila da cin hanci daga lissafi, sai kuɗin ya faɗi ƙasa ƙwarai. Da layi ɗaya ya bushe ya daina wari, sai maƙwabta su zo da kansu neman a auna nasu.

Daga nan aka raba nauyi gida biyu. Banɗakin gida da bututun layi na jama'a ne. Manyan magudanai da wuraren tace ƙazanta na gwamnati ne. Masanin gine-gine Arif Hasan ya taimaka wajen gyara fasahar da horar da matasan unguwa aikin awo. Da tafiya ta yi nisa, sama da kashi 90 cikin 100 na gidajen Orangi suka samu magudanai da kuɗin masu su. Shirin ya faɗaɗa zuwa ba da ƙananan rance, inganta gidaje, makarantu da kiwon lafiya, kuma wasu garuruwan Pakistan suka kwaikwaye shi.

Dakta Khan ya rasu a 1999. Perween Rahman, wadda ta shugabanci sashen bincike da horarwa na shirin, ta duƙufa wajen zana taswirar filayen talakawa domin kare su daga masu ƙwacen fili, ta kuma fallasa masu satar ruwan famfo suna sayarwa. A ranar 13 ga Maris, 2013, 'yan bindiga suka harbe ta a hanyarta ta komawa gida daga ofis. Kisan bai tsayar da aikin ba, kuma har yau ana koyar da tsarin Orangi a fannin tsara birane a matsayin shaida cewa talaka yana iya gyara unguwarsa idan ya samu shawarar ƙwararru kuma gwamnati ta sauke nata nauyin.