Daga Idi a Majami'a Zuwa Kiran Salla a Kolon

Duk wanda ya tashi da rediyo a kunne a ƙasar Hausa ya san sunan Kolon. Daga can ne sashen Hausa na Muryar Jamus, wanda aka buɗe a 1963, ya yi ta watso mana shirye-shirye har zuwa 2003 da gidan rediyon ya koma Bon. Muna murɗa akwati muna neman tashar, alhali a titunan birnin da muryar ke fitowa ana ƙulla wani labari da ya shafi addininmu kai tsaye.

Ranar Laraba, 3 ga Fabrairun 1965, ita ce ranar ƙaramar salla. Hunturu ya kankama, ga ɗaruruwan leburori Turkawa da suka kai azumi ba su da filin idi, ba su da masallacin da zai ɗauke su. Sai hukumar babbar majami'ar Katolika ta Kolon, wannan mai hasumiyoyi biyu masu tsawon mita 157, ta buɗe musu ƙofa. Suka shigo da dardumansu a hammata, suka shimfiɗa su kan daɓen dutse mai sanyi a ɓangaren arewa na ginin, suka fuskanci alƙibla, liman ya yi kabbara. Da aka sallame, suka zuba kuɗi a asusun majami'ar don nuna godiya. Karamci ne babba, ba na rage masa komai. Amma ya kuma tona wani abu: an kwaso dubban Musulmi zuwa wata ƙasa, babu wanda ya tambayi inda za su kai goshinsu ƙasa.

Asalin zuwansu neman hannun aiki ne. Jamus ta Yamma ta farfaɗo daga yaƙin duniya na biyu, masana'antu na ta bunƙasa, maza majiya ƙarfi kuwa yaƙi ya cinye da yawa. A watan Agustan 1961 aka gina katangar Berlin, ma'aikatan da ke kwararowa daga gabas suka yanke. Ranar 30 ga Oktoban wannan shekara sai aka ƙulla yarjejeniyar ɗaukar ma'aikata da Turkiyya. A wani ofishi a Istanbul likitocin Jamus ke tantance mutane: a duba haƙora, a ɗauki hoton huhu, a gwada ƙarfin hannu. Wanda ya tsallake sai ya hau jirgin ƙasa daga tashar Sirkeci, ya kwana biyu da ɗoriya a zaune kafin ya sauka a Munich, daga nan a rarraba su zuwa ramukan kwal da masana'antun ƙarfe da na motoci. Kamfanin Ford na Kolon na cikin waɗanda suka fi kwasa.

Sunan da aka ba su shi ne Gastarbeiter, wato baƙin ma'aikata. Mu da mun ce 'yan ci-rani. Da farko shekara biyu kawai aka yarje wa mutum, ya koma, a kawo wani. Su kansu haka suka ɗauka: a tara kuɗin gona ko na tarakta, a koma ƙauye. Baƙo raɓa ne, in ji Bahaushe, kuma da masu gida da baƙin duk sun yarda da wannan magana. Masu masana'antu ne suka fara ƙorafi, don sun gaji da koya wa sabon mutum aiki duk bayan shekara biyu, sai aka soke ƙa'idar a 1964. Zuwa 1973 Turkawa kusan 870,000 sun shigo ta wannan hanya, kimanin 500,000 sun koma gida.

Shekarar 1973 ta zo da abubuwa biyu. A watan Agusta kamfanin Ford ya kori Turkawa kimanin 300 saboda sun makara wajen dawowa daga hutu, hutun da tafiya da dawowa a mota zuwa ƙauyukan Anatoliya a Turkiyya ke cinye kaso mai yawa daga cikinsa. Dubban 'yan uwansu suka ajiye aiki, suka zauna cikin masana'antar kusan mako guda, suna neman a mayar da korarrun, a ƙara maki ɗaya na kuɗin Jamus a ladan kowace awa, a rage gudun injin. 'Yan sanda ne suka kawo ƙarshen yajin. A watan Nuwamba kuma, da rikicin man fetur ya taso, gwamnati ta rufe ƙofar ɗaukar ma'aikata. An yi zaton hakan zai rage baƙi, sai aka samu akasi. Kowa ya gane in ya fita ba zai sake shigowa ba, don haka ya zauna, ya aika a kawo masa mata da yara.

Zuwan iyali shi ya sauya komai. Gwauro a ɗakin kwanan ma'aikata zai iya salla a gefen gado, amma mai 'ya'ya yana buƙatar malamin da zai koya musu karatu, da mahaucin da zai yanka da bisimilla, da wanda zai ɗaura aure ya yi wa gawa sutura. Sai aka shiga karɓar hayar tsofaffin ɗakunan ajiya da garejoji da ɗakunan ƙarƙashin ƙasa ana shimfiɗa kafet. Jamusawa suka sa musu suna masallatan bayan gida, don daga titi ba ka ganin alamarsu. Wanda ya san yadda zangon Kumasi ya fara daga masaukin fatake ya zama unguwa mai limami da sarki ba zai yi mamaki ba.

A nan ne nake ganin Jamus ta fi taɓa Musuluncin baƙinta, ta inda ba a cika lura ba. A ƙauyen Anatoliya masallaci yana nan tun kaka da kakanni, gwamnati ke biyan liman. A Kolon kuwa, kafin ka karɓi haya ko ka buɗe asusu a banki, sai ka yi rajistar ƙungiya mai tsarin mulki a rubuce, da shugaba zaɓaɓɓe, da ma'aji, da kuɗin wata-wata. Leburan da bai taɓa zama a kwamiti ba ya koyi kiran taro da rubuta rahoton kuɗi. Masallacin ya zama wurin shan shayi, da aski, da cike takardun hukuma, da darasin yara bayan makaranta, mata kuma suka samu ɗakunansu da ƙungiyoyinsu. Manyan ƙungiyoyin ma a Kolon suka kafu: VIKZ a 1973, sai DITIB a 1984, wadda ke ƙarƙashin kulawar hukumar addini ta gwamnatin Turkiyya.

Zo mu zauna, zo mu saɓa. A 1983 gwamnatin Helmut Kohl ta yi tayin maki 10,500 ga wasu rukunin ma'aikata in za su tattara su koma. Ranar 29 ga Mayun 1993, a garin Solingen da ke kusa da Kolon, wasu matasa masu ƙyamar baƙi suka cinna wa gidan wasu Turkawa wuta cikin dare, mata da 'yan mata biyar suka rasu. Uwar gidan, Mevlüde Genç, ta rasa 'ya'ya biyu da jikoki biyu da 'yar ɗan'uwa, amma ta fito ta yi kira da a zauna lafiya, ta karɓi takardar zama 'yar ƙasa, ta ci gaba da wannan kira har rasuwarta a 2022. A 2004 bam mai cike da ƙusoshi ya tashi a titin Keupstrasse, cibiyar kasuwancin Turkawan Kolon, ya jikkata fiye da mutum 20. Shekara bakwai 'yan sanda suna zargin mutanen unguwar da kansu, sai a 2011 ta bayyana cewa 'yan ta'addan NSU masu aƙidar Nazi ne. Wannan zargin ya yi wa mutane ciwo kusan kamar bam ɗin.

Duk da haka ƙasar ta motsa, ko da a hankali. Daga shekarar 2000 yaron da aka haifa a Jamus zai iya zama ɗan ƙasa ko da iyayensa baƙi ne, in sun cika sharuɗɗan zama. A 2010 shugaban ƙasa Christian Wulff ya faɗa a bainar jama'a cewa Musulunci ma ya zama wani ɓangare na Jamus, maganar da har yau ake gardama a kanta. Jami'o'in Tübingen da Münster da Osnabrück da Frankfurt suka buɗe sassan ilimin addinin Musulunci da Jamusanci, jihar da Kolon ke ciki kuma ta sa darasin addinin a makarantun gwamnati daga 2012. Gurasar döner ta zama abincin titi na kowa. Uğur Şahin, wanda aka haifa a 1965, shekarar idin majami'a, ya zo Kolon yana ɗan shekara huɗu don mahaifinsa na aiki a Ford. Shi da matarsa Özlem Türeci ne suka jagoranci kamfanin BioNTech da ya samar da rigakafin korona.

Ni dai ma'aunin da na fi yarda da shi shi ne kabari. Tsarar farko kusan kowa yana zuba kuɗi a asusun jana'iza domin in ya cika a sa gawarsa a jirgi zuwa ƙauyensu, kuma har yanzu da yawa haka suke yi. Dokar Jamus a da ta wajabta akwatin gawa. Sannu a hankali jihohi suka sassauta, aka yarda a binne mutum da likkafani kawai, jihar Bavaria ma ta bi sahu a 2021, maƙabartu suka ware filayen da ke fuskantar alƙibla. Iyalin da suka binne mahaifinsu a bakin kogin Rhine sun gama zama baƙi, ko takarda ta ce me.

Yau Musulmin Jamus sun haura miliyan 5, kuma ba Turkawa kaɗai ba ne: akwai 'yan Bosniya da Maroko da Siriya da Afganistan. A unguwar Ehrenfeld ta Kolon akwai katafaren masallaci na kankare da gilashi mai hasumiyoyi biyu na mita 55, wanda Paul Böhm, ɗan gidan da ya yi suna wajen gina majami'u, ya zana. Tsohon magajin gari Fritz Schramma ya tsaya wa ginin duk da adawar wasu 'yan jam'iyyarsa. Amma ranar buɗewa, 29 ga Satumban 2018, shugaban Turkiyya Erdoğan ne ya yi jawabi, magajiyar gari ta lokacin, Henriette Reker, ba ta halarta ba, Schramma ma haka. Wannan kuskure ne, kuma daga ɓangarenmu ya fito. Masallacin da mutanen gari suka sha zagi a kansa bai kamata ya zama dandalin siyasar wata ƙasa ba. Matashin da aka haifa a Ehrenfeld yana buƙatar limamin da ya san makarantarsu, yake jin harshen da yake mafarki da shi, ba ma'aikacin da aka turo daga Ankara na 'yan shekaru ba. A Disamban 2023 gwamnatocin biyu suka amince a riƙa horar da limamai 100 duk shekara a cikin Jamus, a daina turowa sannu a hankali.

Ranar Juma'a, 14 ga Oktoban 2022, shekara 57 bayan idin majami'a, ladan ya kira salla ta lasifika a masallacin Ehrenfeld a karon farko. Hukumar birnin ta yarda da kiran ranar Juma'a kawai, tsakanin ƙarfe 12 na rana da 3, kada ya wuce minti biyar.