Ƙusar Dutse: Yadda Mahaƙa Suka Koyi Ɗaure Rufin Rami

A tarihin haƙar kwal a ƙarƙashin ƙasa, fashewar iskar gas da gobara su ne suka fi yin suna, domin sukan hallaka mutane da dama a lokaci guda har labari ya cika ƙasa, amma abin da ya fi cin rayukan mahaƙa shi ne ruftawar rufin rami, wadda takan ɗauki mutum ɗaya yau, ta ɗauki biyu gobe, ba tare da jarida ta ji ba. A Amurka, a rabin farko na ƙarni na 20, kusan rabin mahaƙan kwal da suka rasu a bakin aiki dutse ne ya faɗo musu daga sama ko daga bango. Maganin da aka samo wa wannan masifa shi ne ƙusar dutse, wato sandar ƙarfe wadda yawanci tsawonta yakan kama daga mita ɗaya da ɗoriya zuwa mita biyu da rabi, kaurinta kuwa kamar na babban yatsa, wadda ake huda dutse a cusa ta a ciki, a kafe ta, sannan a sa mata faifan ƙarfe a bakin hudar a ɗaure da noti.

Kafin zuwanta, itace ne abin dogaro. Littafin De re metallica na Georgius Agricola, wanda ya fito a 1556, ya zana yadda mahaƙan ƙasar Jamus suke tokare rufi da gumagumai, kuma shekaru ɗari uku bayan haka hanyar ba ta sauya ba sai dai ta ƙara girma. A 1860 wani injiniya Bajamushe, Philipp Deidesheimer, ya ƙirƙiro wa mahaƙar azurfa ta Comstock a jihar Nevada tsarin jera katakai masu kusurwa huɗu, ana ɗora wani a kan wani har su cike gurbin da aka kwashe, aikin da ya cinye dazuzzukan da ke kewaye da tafkin Tahoe. Birtaniya ma a wancan zamani daga ƙetare take sayo mafi yawan itacen tokare ramukanta, kuma ƙarancinsa a lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya yana cikin dalilan da suka sa ta kafa hukumar kula da dazuzzuka a 1919. Aibin itace shi ne ba ya ɗaukar nauyi sai dutsen ya riga ya saki ya sauko kansa, ga ruɓewa a cikin laima, ga cin wuta, ga tare hanya. Sai dai yana da wata falala guda da mahaƙa suka riƙe da muhimmanci, wato idan nauyi ya yi masa yawa yakan yi ƙara yana tsagewa kafin ya karye, wannan ƙarar kuwa ta ba mutane da yawa damar gudu da ransu.

An gwada kafe dutse da ƙarfe jefi-jefi tun ƙarshen ƙarni na 19, kuma a 1913 an nemi rajistar irin wannan dabara a Jamus, amma wurin da aka fara mayar da ita aikin yau da kullum shi ne ramukan dalma na kamfanin St. Joseph Lead a jihar Missouri, daga shekarun 1920. Ƙusar wancan zamani mai sauƙin ƙira ce: ana tsaga kanta na ciki gida biyu, a maƙala wani ɗan ƙarfe mai siririn baki da kaurin gindi a tsagar, a tura ta har ƙarshen huda, sannan a yi ta dukanta daga waje da gudumar iska, ɗan ƙarfen ya shige tsagar ya buɗa ta har ɓangarorin biyu su ciji dutsen. W. W. Weigel ya bayyana wannan aiki a wata mujallar injiniyoyi a 1943, daga nan Hukumar Ma'adinai ta Amurka ta ɗauki maganar, ta fara yaɗa ta a ramukan kwal a 1947. Kafin ƙarshen 1949 fiye da ramuka 200 sun karɓa, zuwa 1968 kuwa ana kafa ƙusoshi kimanin miliyan 55 a shekara, kuma kashi 60 cikin ɗari na kwal ɗin da ake haƙowa daga ƙarƙashin ƙasa ana fito da shi ne daga ƙarƙashin rufin da aka ɗaure da su. Ba tausayin leburori kaɗai ya jawo wannan saurin karɓa ba, domin a daidai lokacin ne manyan injunan yankan kwal da motocin kwasa masu tayar roba suka shigo ramuka, su kuwa ba sa iya juyawa a cikin dajin gumagumai, saboda haka duk abin da zai share musu fili ya zama riba ga masu rami.

Rufin ramin kwal yawanci hawa-hawa yake, falle kan falle, na ƙasa-ƙasa dutsen laka ne mai rauni, can sama kuma a kan sami dutsen yashi mai ƙarfi. Inda mai ƙarfin yake kusa, ƙusa takan ratsa mai raunin ta kama shi, sai rufin ya zama a rataye. Inda kuwa yake nesa, ƙusoshin sukan matse siraran fallayen wuri guda su hana su zamewa a kan juna, kamar yadda karan dawa ɗaya-ɗaya yake lanƙwashewa amma idan an ɗaure shi dami da igiya ya yi ƙarfin da za a ɗora masa kaya. A nan ne sabon tunani ya shigo sana'ar, domin dutsen da a da ake ɗaukarsa kaya ne da za a tallafa daga ƙasa, yanzu shi kansa ya zama ginin da ke riƙe da kansa.

Abin da ya biyo baya shi ne ɓangaren wannan tarihi da ya fi cancantar a tsaya a kansa. Masanin kimiyyar rufin rami Christopher Mark, da ya bi alƙaluman shekarun 1948 zuwa 1960, ya nuna cewa idan aka auna mace-macen ruftawa da yawan sa'o'in aiki, ba su ragu ba bayan zuwan ƙusa, sai ma ƙaruwa da suka yi. Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Mafi yawan haɗurran suna aukuwa ne a bakin haƙa, wato 'yan mitocin da aka yanke yanzu ba a kai ga ɗaure su ba, kuma mai kafa ƙusar da kansa a ƙarƙashin wannan tsiraicin dutse yake tsayuwa yana huda shi. Wasu ramukan sun rage yawan ƙusoshi ko tsawonsu don tsimin kuɗi, ga shi ƙusar da ake kafewa da cizon ƙarfe takan saki sannu a hankali a cikin dutse mai laushi, ko idan girgizar nakiya ta taɓa ta, alhali daga waje faifanta yana nan daram kamar babu abin da ya faru. Tsofaffin mahaƙa da suka ƙi yarda da ita tun farko, waɗanda aka riƙa yi wa kallon masu taurin kai, suna da hujja mai ƙarfi, domin sun saba ƙwanƙwasa rufi da sandar ƙarfe su saurara, idan ya ba da amo mai kauri kamar na ganga su san akwai rata a ciki, sun kuma saba jin kukan itace, sai ga shi an kawo musu abin da ba ya magana a daidai lokacin da rugugin injuna ya toshe kunnuwa. Har ila yau, huda dutse a bushe ta cika huhun masu wannan aiki da ƙurar da ke jawo ciwon huhu marar magani, kafin a tilasta amfani da ruwa ko na'urar zuƙe ƙura.

Doka ce ta cike giɓin. Bayan fashewar da ta hallaka mutane 78 a ramin Farmington na jihar West Virginia ranar 20 ga Nuwamba, 1968, majalisar Amurka ta zartar da dokar lafiya da tsaron ramukan kwal ta 1969, wadda duk da cewa fashewa ce ta haife ta, ta wajabta wa kowane rami ya rubuta tsarin ɗaure rufinsa, hukuma ta amince da shi ta kuma riƙa sake duba shi duk wata shida, ta kuma hana mutum ya wuce inda aka ɗaure sai da tokari na wucin gadi. Daga baya aka ƙera injunan kafa ƙusa masu hannun ƙarfe da ke danne rufi da ƙarfin mai kafin ma'aikaci ya matso, da rumfar ƙarfe a bisa kansa, kuma sai a sannan ne mace-macen suka yi ƙasa sosai.

Bayanin kimiyya mai gamsarwa kuwa daga Ostireliya ya zo, daga aikin madatsun ruwa da lantarki na tsaunukan Snowy, wanda aka yi tsakanin 1949 da 1974, aka haƙa masa hanyoyin ƙarƙashin ƙasa masu tsawon kimanin kilomita 145. Injiniya Thomas Lang da abokan aikinsa suna bukatar su riƙe rufin tashar lantarki ta Tumut 1, wani makeken ɗaki da aka fafe a cikin tsagaggen dutse fiye da mita 300 a ƙarƙashin ƙasa, kuma domin su gamsar da masu shakka sai suka cika bokiti da tsakuwa, suka ratsa ta da 'yan ƙananan ƙusoshi masu faifai, suka ɗaure, suka kifa bokitin. Tsakuwar ba ta zube ba, har ma ta ɗauki nauyin da aka rataya mata, saboda matsin kowace ƙusa ya haɗu da na maƙwabciyarta ya sarƙe duwatsun da juna. Daga irin waɗannan gwaje-gwaje Lang ya fitar da ƙa'idojin da har yau ake koyarwa, ciki har da cewa tsawon ƙusa kada ya gaza ninki biyu na tazarar da ke tsakaninta da 'yar'uwarta. A can ne kuma aka inganta ɗura siminti a cikin huda, domin ya kare ƙarfen daga tsatsa ya kuma manne shi da dutsen tun daga baki har ƙurya.

Wannan mannewar ce ta zama hanyar da aka fi bi. A shekarun 1960 a Turai, sannan a 1970 da 'yan kai a Amurka, aka fara amfani da danƙon roba mai daskarewa, wanda yake zuwa a cikin doguwar leda mai ɗaki biyu, ɗaya na danƙon ɗaya na sinadarin da ke daskarar da shi. Ma'aikaci yakan tura ledar cikin huda, ya bi ta da ƙusa, injin ya juya ƙusar na 'yan daƙiƙoƙi ta fasa ledar ta gauraya abin da ke ciki, sannan ya riƙe ta cak har ya kama, wani lokaci cikin ƙasa da minti ɗaya. Idan juyin ya gaza danƙon bai gaurayu ba, idan ya wuce kima an karya danƙon yana tsakar kamawa, kuma babu idon da zai gane ko ɗaya daga waje, shi ya sa ake zaɓar wasu ƙusoshi a ja su da jak don a auna ƙarfinsu. A shekarun 1970 James Scott ya ƙirƙiro Split Set, bututun ƙarfe mai tsaga a tsaye da ake dannawa cikin hudar da ta fi shi ƙanƙanta, a farkon shekarun 1980 kuma kamfanin Atlas Copco na Suwidin ya fito da Swellex, bututu a naɗe da ake kumbura shi da matsin ruwa har ya cike hudar.

Birtaniya ta yi jinkirin rungumar ƙusa a ramukan kwal ɗinta har ƙarshen shekarun 1980, lokacin da ta ɗauko tsarin Ostireliya, kuma ruftawar da ta kashe mutane uku a ramin Bilsthorpe a watan Agusta na 1993 ta sake tayar da tsohuwar muhawara kan amincin ƙusa. Abin da aka ƙarfafa a can shi ne ma'aunin motsin rufi, wato waya da ake kafewa can cikin dutse sama da inda ƙusoshi suka tsaya, a rataya mata ɗan bututu mai launin kore da rawaya da ja, ta yadda idan rufin ya sauko sai ya haɗiye koren, kowane mai wucewa ya gani da fitilar hularsa.

Ƙusar dutse tana da aiki na biyu da ba a cika ambata ba, wato rataye kayan rami: bututun iska, bututun ruwa, wayoyin lantarki, bel ɗin jigilar ma'adini, har da dogon da ƙananan jiragen kaya suke bi a sama. Nauyin da irin wannan ƙusa take ɗauka jan ƙasa ne da ba ya hutawa dare da rana, tare da girgiza da laima, saboda haka ƙwararru sukan ware wa kaya masu nauyi ƙusoshinsu daban da na riƙe rufi. Hatsarin sakaci da wannan ya bayyana a wajen sana'ar haƙa, a hanyar mota ta ƙarƙashin dutse ta Sasago a Japan, inda a ranar 2 ga Disamba, 2012 ƙusoshin da aka manne da danƙo suka saki fallayen kankaren da suka riƙe shekaru 35, mutane tara suka rasu.

A ramukan zinariya na Afirka ta Kudu, waɗanda wasunsu kamar Mponeng suka kai zurfin kusan kilomita huɗu, matsin da ke kan dutse yakan kai inda bango zai fashe farat ɗaya ya yi jifa da ɓaraguzai, kuma ƙusa mai tauri a irin wannan hali tsinkewa take yi. Domin haka a farkon shekarun 1990 masu bincike na ƙungiyar kamfanonin ma'adinai ta ƙasar suka ƙera ƙusa mai dunƙulallen kai, aka shafe jikinta da kakin da zai hana siminti kama shi, ta yadda idan dutse ya yunƙuro sai kan nata ya riƙa keta simintin yana ja da baya a hankali, tana sakin tsawo tana shanye ƙarfin bugun ba tare da ta saki dutsen ba. Ana haɗa ta da ragar waya da kankaren feshi domin su tare ƙananan duwatsun da ke tsakanin ƙusa da ƙusa, kuma a kan wannan tsari na ƙusa mai miƙewa ake ci gaba da bincike a ramuka masu zurfi na Kanada da Suwidin da Ostireliya da Chile.