Ƙashin Bayan Jirgi: Gyaran Jiragen Bagaruwa a Gaɓar Shuɗin Nilu

Wannan takarda za ta duba wata sana'a da Hausawan Sudan suka tarar a bakin Shuɗin Nilu, wato gyaran jiragen katako masu tafiya da iska. Bayan an kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja jama'a zuwa gabas, ya kafa garin Mai Wurno kusa da Sinnar. Madatsar ruwan Sinnar, wadda aka gama a 1925, ta ƙara jawo Hausawa zuwa gonakin audugar Jazira da garuruwa irin su Wad Haddad. Wasunsu suka kama su, jirgi ya zama jarinsu.

Babban jirgin kaya na wannan kogi, wanda ake kira nuggar, da itacen sunuɗ ake yin sa. Wannan ita ce bagaruwarmu ta majema. Itacen yana da tauri, ba ya saurin ruɓewa a ruwa, sai dai gajere ne kuma karkatacce. Tun zamanin Herodotus aka lura cewa masassaƙan Masar na jera gajerun allunansa kamar tubali. James Hornell, wanda ya yi rubutu a kan jiragen Sudan, ya nuna cewa ba a sa musu haƙarƙari a ciki. Alluna masu kauri ake haɗawa baki da baki da dogayen ƙusoshi da ake bugawa a karkace.

A nan ne muhimmancin ƙashin baya, wato doguwar gungumen da ke ƙarƙashin jirgi, yake fitowa. Tunda babu haƙarƙari, a kansa ginin ya dogara. Idan ƙusa ta yi tsatsa, raminta ya buɗe, ta nan ruwa ke shiga. Saboda haka bayan ambaliyar Yuli zuwa Satumba ta ja, akan jawo jirgi kan yashi, a zare ƙusoshin da suka mutu, a sassaƙe wurin da ya lalace, a dasa sabon guntu, a cusa tsumma a tsagogin. Ba a son jinkiri, domin rana na busar da katako, tsagar da aka toshe ta sake buɗewa.

A ganina jirgin ƙasa da motar kaya sun fi tsatsa yi wa sana'ar illa, don sun ɗauke dakon da ke biyan kuɗin gyara. Ita kanta bagaruwar dazuzzukan Sinnar, aikin katakon layin dogo ya daɗe yana cin ta.